Shekaruna a Ɗakin Saba

Kamfanin da na yi wa aiki a Bompai ba ya cikin manyan masana'antun da suka yi wa unguwar suna. Dillancin kayan masarufi yake yi: tireloli su kawo kaya daga Legas, a sauke a sito, a rarraba wa 'yan kasuwar Singa da na garuruwan da ke kewaye da Kano. Na kama aiki a 2002, shekara guda bayan wayar salula ta shigo Najeriya, lokacin da sayen layi kaɗai sai mai hali. Kwamfutocin ofishin ba su wuce talatin ba, an haɗa su da kebul, dukkansu kuma suna komawa ga manyan kwamfutoci biyu da muke kira saba. Ɗaya na riƙe da manhajar lissafi da bayanan sito, ɗayar na riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu da fayilolin da ake aiki da su tare. Windows 2000 ce a kansu. Idan suka tsaya ba a yanka rasit, ba a fitar da takardar lodi, motoci su yi layi a bakin get, direbobi su cika ofis da ƙorafi. Aikina shi ne kada hakan ta faru.

A tsarin ofis an sa ni ƙarƙashin babban akanta, domin a wancan lokacin kamfanoni irin namu ba su da sashen masu kula da kwamfuta. Amma wanda ya koya mini aikin wani ne daban, mutumin da ya shimfiɗa netwok ɗin tun farko. Ya yi aiki a banki a shekarun 1990, zamanin Novell NetWare, lokacin da kebul guda ke bi ta bayan kowace kwamfuta, idan ya kwance a wuri ɗaya ofis gaba ɗaya ya tsaya. Har yau maigidana nake ce masa. Ba mai yawan magana ba ne. Zai sa ka yi abu a gabansa, ya harɗe hannu yana kallo, in ka gama ya ce, "Sake." Ba zai gaya maka abin da bai yi ba sai ka gano da kanka.

Nakan riga kowa isa ofis, ban da Baba maigadi, kuma daga bakinsa nake karɓar rahoton farko. Kafin in kafe babur zai taso daga kan benci: "Injiniya, an tashi lafiya? Jiya bayan isha'i suka ɗauke, ba su kawo ba sai wajen asuba. Abin naka ya fara kuka, na tayar da ƙaramin inji." Baba bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, amma ya san kukan UPS, akwatin batirin da ke riƙe wa sabobi wuta kafin janareta ya tashi. Ya san kukan da ke tsinkewa a hankali na nufin an ɗauke wuta ne kawai, wanda kuma ke zuwa da sauri babu ƙaƙƙautawa na nufin batir ya kusa ƙarewa, a yi hanzari. Darare da yawa da sabobinmu suka kwana lafiya, shi ya kwana da su, kuma babu takardar ofis da ta taɓa ambaton haka.

Ɗakin sabar tsohon ma'ajin fayiloli ne. An toshe tagarsa da katako, an sa masa na'urar sanyaya ɗaki, an ɗora injinan a kan teburin ƙarfe don kada su taɓa ƙasa. Da na buɗe ƙofa, kafin in duba komai nakan tsaya in saurara. Kowace saba da irin sautinta. Idan fanka ta fara gajiya akwai wani gurnani da take yi da sassafe, idan faifan ajiya ya fara lalacewa za ka ji ƙas-ƙas a can ciki, ya yi shiru, ya sake. Yadda makiyayi ke gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga tafiyarta kafin ta kwanta, haka muka san injinanmu. Daga nan sai fitilu. Sabar lissafi tana da faifai uku da aka haɗa a tsarin RAID 5, wanda ke rarraba bayanai a kansu ta yadda in ɗaya ya mutu sauran biyun za su ci gaba da aiki. Kore uku, an kwana lafiya. In ɗaya ta koma ruwan ɗorawa, to daga wannan lokacin ba ni da sauran natsuwa sai an kawo sabo, domin in na biyu ya bi shi komai ya tafi. Sai in zauna in karanta kundin da sabar ke rubuta wa kanta: wa ya yi ƙoƙarin shiga da kalmar sirrin da ba daidai ba, wane aiki ne ya gaza cikin dare, saura nawa faifai ya cika.

Sannan kaset. Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi na fi tunawa. Kowane dare sabar kan kwafe bayanan kamfanin zuwa wani ɗan kaset na DAT da bai kai girman kaset ɗin rediyo ba, irin DDS-4, mai ɗaukar gigabait 20. Da safe in danna maɓalli, in jira ya gama juyawa ya turo kansa waje da ɗuminsa, in duba ko kwafin ya kammala, in sa na yau. Kowane kaset da sunansa a jiki da rubutun hannuna: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, waɗannan ana sake rubutu a kansu duk mako. Na Juma'a a ajiye shi har wata ya zagayo. Na ƙarshen wata kuwa ba a taɓa shi sai shekara. Kaset ɗin Juma'a da an fitar da shi ba ya kwana a ofis. Nakan sa shi a ambulan in kai wa Alhaji mai kamfanin, ya tafi da shi gida ya kulle a sef, domin in gobara ta tashi a Bompai kada ta cinye sabar da kwafinta a dare ɗaya. Akwai wani babban littafi mai baƙin bango da nake rubuta komai: kwanan wata, sunan kaset, ya kammala ko bai kammala ba, yaushe aka sa kaset ɗin goge kan na'urar, sa hannu.

Maigidana ya kafa mini doka guda a kan wannan: duk wata sai na ɗauko kaset, na dawo da fayil daga cikinsa, na buɗe shi da idona. A wurinsa kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko akwai shi ba. Kaset na iya cewa ya kammala alhali ƙura ta ɓata kan na'urar, abin da ke ciki ba ya karantuwa.

Amfanin wannan ya fito wata Laraba da hantsi. Hajiya mai kula da basussuka ta shigo ɗakin ba ta ko yi sallama ba, abin da ba halinta ba ne, gyalenta a hannu. Fayil ɗin da ke ɗauke da sunayen duk 'yan kasuwar da suka ɗauki kaya bashi, da abin da kowa ya biya, an rubuta wani abu a kansa bisa kuskure, ya koma fanko. "Injiniya, ka rufa mini asiri. Aikin shekara biyu ne." Na ce ta zauna. Na ɗauko kaset ɗin Talata na sa. Kaset ba ya sauri. Sai ya bi zarensa daga farko har ya iso inda fayil ɗin yake, muna zaune muna jin sa yana juyawa, yana tsayawa, yana komawa baya. Hajiya tana jan carbi, ba ta ɗauke ido daga allon ba. Da fayil ɗin ya fito ta buɗe, ta gangara har ƙasa, ta nemi sunan wani ɗan kasuwa da ya biya jiya da yamma, ta gan shi. Abin da ta rasa bai wuce shigarwar safiyar ranar ba, kuma rasit ɗinsu na kan teburinta. Ta daɗe tana sa mini albarka, har da iyayena. Washegari aka aiko mini da kwanon dambun nama.

Wuta kuwa ita ce abokiyar kokawarmu ta kullum. Kwamfutar tebur in wuta ta ɗauke mata, a sake kunnawa. Saba ba haka take ba: in ta mutu tana tsakiyar rubuta lissafi, rumbun bayanan na iya karyewa, a wuni ana gyara. Saboda haka tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta akwai 'yan mintoci da duk ofishin ke rataye a kan batir. Batiran nan kuma zafi ke kashe su. Wanda aka ce zai yi shekaru, a Kano sai ka ga ya kumbura tun bai kai ko'ina ba, musamman in ya sha watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mafi yawan takardun da na rubuta wa manaja a kan batir ne da man janareta. Ga mai riƙe da kuɗi abu ne mai wuyar fahimta a ce a sayi sabon batir alhali tsohon bai mutu ba tukuna, ko a bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ranar Lahadi a ɗakin da babu mutum. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da na koya shi ne in daina yi masa bayanin injin, in yi masa lissafin motoci nawa za su kwana ba a yi musu lodi ba in sabar ta tsaya wuni guda. Da haka ake sa hannu.

Kowane yanayi da nasa aikin. Da hunturu ƙura ke shiga ko ta ina, duk yadda ka toshe. Ranar Asabar bayan an tashi rabin wuni, mukan fito da kwamfutoci tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, a buɗe, a hura da bulowa, ni da masinja mun ɗaure hanci da ƙyalle, jar ƙura na tashi. A irin wannan bushewar iska jikin mutum kan tara lantarki, ka taɓa ƙarfe ka ji ya ɗan ja ka. Wannan ɗan jan ya isa ya kashe abin da ke cikin kwamfuta, don haka sai ka fara dafa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki. Da damina kuwa tsawa ce. Tana bin wayar tarho da kebul ɗin da ya ratsa waje ta ƙone duk abin da ta tarar. Kafin ruwan farko mukan tone ramin da aka binne sandar tagullar da ke kai wuta ƙasa, a ƙara masa gawayi da gishiri, a zuba ruwa, a mayar. In hadari ya haɗu da la'asar, na san zan zagaya ina zare wayoyi.

Jan kebul aiki ne na hannu, kuma ina son sa. Ka yanke bakin kebul, ka feɗe rigarsa, siraran wayoyi takwas su fito a murɗe biyu-biyu. Ka warware su, ka miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuni, ka jera: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka datse bakinsu daidai wa daida, ka tura cikin ɗan kan roba har sai ka hango tagullar kowace ta taɓo ƙarshe, sannan ka matse da fulayarsa ka ji ƙaras. In waya ɗaya ta sauya wuri, ko ba ta kai ƙarshe ba, sai a yanke a sake. Har yau in na rufe ido jerin launukan nan na zuwa mini ba tare da na yi tunani ba. Irin wannan kebul ba ya wuce mita 100, sitonmu kuma ya fi haka nisa daga ofis, sai da muka sa ƙaramin suwic, na'urar da ke haɗa kebul da kebul, a ɗakin direbobi a tsakiyar hanya, muka yi masa akwatin katako da kwaɗo don kada a zare shi a sa cajin waya. Sauran matsalar ɓeraye ne a cikin silin. In kwamfuta ɗaya ta ɓace daga netwok ba dalili, sai a ɗauko tsani da tocila.

Intanet da farko ta wayar tarho muke samunta, kwamfuta ɗaya ce ke bugawa, a aika imel a sauke, a kashe don a bar wa masu kira layi. Daga baya kamfanin ya sayi VSAT, aka kafa babban kwando a bayan ofis yana kallon sama. Tauraron da yake magana da shi yana can nisan kimanin kilomita 36,000, saƙo ya hau ya sauko, amsa ta hau ta sauko, saboda haka duk abin da ka danna sai ya yi fiye da rabin daƙiƙa kafin ma a fara ba ka amsa. In ruwa ya sauko da ƙarfi kuma sai a jira ya tsagaita. Kuɗinsa na wata ya fi albashin ma'aikata da dama, abin da yake bayarwa kuma bai kai na wayar hannu mafi arha a yau ba, ga mutum talatin na jira. Raba wannan ɗan abin shi ma aikina ne. Na ɗauki wata tsohuwar kwamfuta na sa mata Red Hat Linux da manhajar Squid, wadda ke ajiye shafin da wani ya riga ya buɗe don in na biyu ya nema a ba shi daga gida, ba sai an sake hawa sama ba. Da ita kuma nake rufe Yahoo Messenger da safe, in buɗe bayan azahar. Samarin ofis sun yi ta roƙona a kan wannan, ni kuma na san in na saki, takardar oda daga Legas ba za ta sauka ba.

A watan Agustan 2003 cutar kwamfutar da aka kira Blaster ta bazu a duniya, mu ma ba ta bar mu ba. Ba ta bukatar ka buɗe komai. In kwamfuta ɗaya ta kamu, sai ta bi kebul tana neman sauran. Masu Windows XP sai su ga saƙo ya fito cewa kwamfutar za ta kashe kanta nan da daƙiƙa 60, ta ƙirga, ta mutu, ta tashi, ta sake. Maganin ya fito tun watan Yuli, amma a zamanin da sauke ƙaramin fayil ke cin sa'o'i, ofisoshi kaɗan ne suka same shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muka taimaki juna. Mu masu wannan aiki a Kano ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Wani abokina da ke aiki a wurin da intanet ɗinsu ke da ƙarfi ya sauke maganin, ya kwafa a faifan CD, faifan nan ya yi ta yawo a kan babur daga Bompai zuwa Sharaɗa zuwa cikin gari. Na zare kebul ɗin kowa, na bi su ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba, Baba maigadi na kawo mini shayi. Bayan 'yan shekaru filas, ɗan ma'ajin fayilolin nan da ake sakawa a aljihu, ya yawaita, cuta ta koma bin aljihun mutane: a kai shi shagon buga takardu, a dawo da shi ofis, ya ɓoye fayiloli ya bar gumakan ƙarya. Wannan yaƙin ba a gama shi a dare ɗaya ba, shekaru muka yi muna yi.

Akwai ɓangaren aikin da ba a koyarwa a kowace makaranta. Mai riƙe da babbar kalmar sirri yana iya ganin komai: albashin kowa, wanda ake bi bashi, wanda aka rubuta wa takardar gargaɗi, wasiƙun da mutum ya ɗauka shi kaɗai ya san da su. Ranar da maigidana ya ba ni kalmar, ya rubuta ta a takarda, ya sa na haddace, ya ƙone takardar, sannan ya ce abin da na gani a saba in bar shi a saba. An gwada ni a kan haka ba sau ɗaya ba. Wani babba a ofis ya taɓa jawo ni gefe yana murmushi: "Injiniya, ɗan leƙa mini mana, nawa ake ba wancan?" Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, sai da takarda daga Alhaji." Ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, daga baya kuma shi ne ya fi kowa yarda da ni.

Mafi nauyi shi ne ranar da za a sallami ma'aikaci. Tun da safe za a kira ni a ce ƙarfe kaza in rufe shigarsa. Ni na sani, shi bai sani ba. Mu haɗu a wurin alwala, mu tsaya sahu ɗaya a sallar azahar, ya tambaye ni ya iyali, in amsa. Na fahimci dalilin tsarin, domin mai ɓacin rai na iya goge abin da ba a iya mayarwa. Amma ban taɓa sabawa da shi ba, kuma ba na jin ya kamata mutum ya saba.

Sauran ranaku kuwa hidimar mutane ce ƙanana-ƙanana: an manta kalmar sirri bayan hutun sallah, firintar Epson mai allura ta cinye takardar lodi mai kwafi uku, wani ya taka kebul da kujera. Akwai wani dattijon akawu da ya fara aiki tun ana rubuta lissafi a manyan littattafai. Ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya, a hankali, ba ya jin kunyar tambaya, amma bai taɓa daina rubuta jimillar kowace rana a littafinsa ba. Matasa na ganin ɓata lokaci ne. Ni kuwa na ga mutumin da ke yin abin da nake yi da kaset, ta hanyar da ya sani, kuma sau da yawa in an sami saɓani a lissafi wurinsa ake komawa. Ƙarshen wata akantoci kan kai dare suna rufe littafi, dole in zauna tare da su ko da za a bukace ni. In ya faɗo cikin azumi, a shimfiɗa tabarma a barandar ofis, a kawo kunu da ƙosai da dabino, manaja da masinja da maigadi a sha ruwa tare, a yi magariba, a koma kan lissafi. A waɗannan dararen na san mutanen da nake yi wa aiki fiye da duk sauran shekarar.

Ilimin ma da wahala muka same shi. Littattafan Cisco da na Microsoft tsada gare su, sai mutum ɗaya ya samu a yi ta ɗaukar hotonsa har rubutun ya dushe. Mukan kwana a shagon intanet saboda kuɗin dare ya fi sauƙi, muna sauke darasi. Kayan gyara in ba a samu a titin Beirut ba, sai a yi waya Computer Village da ke Ikeja, a ɗoro a motar dare, da safe ka je Sabon Gari ka karɓa kana addu'ar ya iso lafiya. A 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Bankunan da suka rage suka shiga buɗe rassa da haɗa su da juna, suka kwashe abokaina da dama da albashi mai tsoka. Ni na zauna. A banki za a ba ka yanki ɗaya na aikin, sauran ana yi daga Legas. A nan kuwa tun daga ramin tagulla har zuwa kalmar sirrin Alhaji, babu abin da ban san yadda aka yi shi ba, kuma wannan ya fi mini.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. A 2010 kebul ɗin ƙarƙashin teku na Main One da na Glo-1 suka fara aiki, intanet ta fara araha, sannu a hankali ta iso arewa, aka kwance kwandon bayan ofis. Imel ya koma hannun manyan kamfanonin waje. Muka bar kaset muka koma faifan ajiya na waje. Sabobin da muka ɗaga zuwa Windows Server 2003 suka tsufa, Microsoft ta daina tallafa wa wannan tsari a Yulin 2015, manhajar lissafin ma daga baya ta koma ta intanet, ana biyan kuɗinta duk shekara. Ba zan ce da ta fi yanzu ba. Babu mai hankalin da zai so a koma jiran kaset, ko a rataya dukiyar kamfani a kan batir mai kumburi. Bayanan kamfanin yau sun fi tsira daga gobara da tsawa fiye da duk abin da na iya yi musu.

Abin da nake kewa shi ne kusanci. A da in abu ya lalace yana cikin ɗakin da makullinsa ke aljihuna, zan buɗe, in saurara, in taɓa, in gyara ko in san dalilin da ya sa ba zai gyaru ba. Yaron da na koya wa aiki, wanda ke riƙe da wurin yanzu, ya fi ni sanin abubuwa da yawa. Daga wayarsa yake buɗe wa sabon ma'aikaci shiga, yana fama da masu aiko saƙon yaudara da masu kulle fayiloli su nemi fansa, irin abin da duniya ta gani da WannaCry a 2017, barazanar da ta fi duk wadda na sani. Amma ranar da masu aikin titi suka datse kebul ɗin da ke kawo musu intanet, abin da yake iya yi shi ne ya buga waya, a ba shi lambar ƙorafi, ya zauna ya jira tare da kowa. Ya gaya mini wannan jiran ne ya fi ci masa rai, domin mutane na kallonsa, shi kuma hannunsa ba ya kaiwa.

Yanzu yana ta rubuta wa manaja takarda a kan a ɗauki layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, na kuma ba shi shawarar ya yi masa lissafin motoci. An turo masa wata ɗaliba daga kwalejin kimiyya da fasaha don sanin makamar aiki. Ta iya abubuwa da dama a kan allo, amma ba ta taɓa haɗa kan kebul da hannunta ba, ta kuma ce tana so ta iya. Kamfanin ya gina sabon sito a bayan tsohon, za a ja masa kebul da kyamarori. Ya roƙe ni in zo ranar Asabar in nuna mata, na ce ya tanadi kawunan roba da yawa, domin sai ta ɓata wasu kafin hannunta ya faɗa.